Gyare a Maƙerar Baba Kalla

Ƙarfe biyun dare, Zango ta yi tsit.
Wuta ta dawo bayan isha'i, ina zaune
da murya ɗaya a cikin inji:
Baba Kalla maƙeri, wata uku kafin ya cika,
yana faɗin yadda ake shayar da lauje ruwa.

Ƴarsa Gaptiya na Agadas, ta ce a tura mata ta waya.
Wayar ba ta ɗaukar kaya mai nauyi,
dole in rage.
Sau dubu goma sha shida zan ɗebi sautin a daƙiƙa guda,
kamar mai kamfatar korama da ludayi.
Dokar kuwa ba ta jin lallashi:
duk yawan ɗibarka, rabinta kaɗai ke faɗin gaskiya.
Dubu takwas. Nan katanga take.

Ashe akwai gyare a maƙerar ran nan,
bayan buhun gawayi,
yana kuka can sama, a dubu goma sha ɗaya.
Na zaci in an rage zai faɗa waje.
Ina!
Ya bugi katanga, ya naɗo baya,
ya sauko dubu biyar cikin rigar wani,
ya zauna tsakanin haƙoran tsoho yana fito.
Ba gyare ba ne yanzu, ba kuma Baba Kalla ba,
baƙo ne da sunan aro.
Na taɓa ganin irinsa a hoton waya, a kasuwar Dole:
jaki na jan amalanke gaba,
ƙafar amalanke na juyawa baya.

To, a tace kafin a ɗiba.
Na shiga saƙa rariya da lambobi.

Ta farko na yi mata gangara mai sauƙi,
tun daga dubu huɗu take sauka a hankali.
Gyare ya tafi,
amma ya tafi da sin da shin na tsoho,
ya koma mai magana ta cikin bargo,
bakinsa cike da fura.

Ta biyu na wasa ta kamar askar wanzami,
ido dubu biyu, yanka ɗaya, a tsaye ƙyam.
Gyare ya mutu, haƙora sun dawo.
Har na miƙa hannu ga shayina,
sai guduma ta zo.
Uwar maƙera ta yi ƙara kafin a buge ta.
Na mayar, na sake ji, sau bakwai:
ƴar rawar sauti siririya tana riga bugun isowa,
kamar ƙarfe ya san abin da ke tafe
ya fara kuka tun hannu na sama.

A minti na tara tsohon ya yi tari, ya ce da yaronsa:
«Kai Lawali, bar wasa hakanan.
Bakin da ya cika siranta, a karan farko yake ɓarewa.»
Da lauje yake.
Na dai ji.

Na buɗa wa rariya ɗan fili,
daga dubu bakwai da ɗari biyu zuwa katanga,
na rage idanu, na goge kaifin gefuna.
Kowane abu ya ba da ɗan nasa:
shin ta rasa ƙwayar gero ɗaya,
guduma ta sauka a kan lokacinta,
baƙo bai sami ƙofa ba.

Ƴan ga-ruwa sun fara wucewa da garwa
lokacin da na tura.
Duwatsun Birni ba su gama fitowa daga duhu ba
amsa ta shigo, murya a shaƙe:
«Shi ne. Wallahi shi ne, har tarin.
Amma malam,
ina gyaren?
Maƙerarmu ba ta taɓa kwana babu gyare ba.»